A bar mai naƙuda da 'yar rakiyarta

Tun a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar mai naƙuda ta shiga ɗakin haihuwa da wadda ta zaɓa. Bincike ya nuna wannan rakiya na rage tsawon naƙuda da yawan tiyata. A Amurka har sana'a ce, ana kiran mai yin ta doula. Mu muna da uwa da goggo, amma a asibitoci da dama bakin ƙofa ake tsayar da su. Ba karɓar haihuwa za su yi ba. Nasu shafa baya, share gumi, da kiran ungozoma idan jini ya ɓalle. Muna kira ga gwamnatocin jihohi su sa labule tsakanin gadaje, su horar da masu rakiya, su buɗe musu ƙofa.