Nedko Ko En-I-Di-Si-O? Kunne Ne Alƙali

Akwai wasu malaman makaranta da masu gabatar da labarai da ke ganin cewa taƙaitaccen sunan hukuma ba ya halatta a baki sai an jero haruffansa ɗaya bayan ɗaya, yadda Bature ke kiran su. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma ɗalibin Hausa ya kamata ya san dalili.

A zangon Gambaga, ko Yendi, ko Salaga, idan wuta ta ɗauke, babu mai cewa En-I-Di-Si-O. Kowa Nedko yake cewa, wato NEDCo, kamfanin da ke rarraba lantarki a arewacin Ghana. Amma uwarsa VRA, sai dai a ce Bi-Ar-E. Ba jahilci ya raba su ba, tsarin gaɓar Hausa ne. Gaɓa takan fara da baƙi ɗaya, wasali ya biyo, wani lokaci baƙi ya rufe. Ned-ko ya dace da wannan awo. VRA kuwa ya tara baƙaƙe biyu a farko, ga shi Hausa ba ta da sautin V, don haka aka bi haruffa. Inda jama'ar Ghana suka riga suka mayar da suna kalma, kamar SSNIT, asusun fansho, Bahaushe kan tsarma wasali ya ce Sinit, yadda ya yi wa burodi da direba.

Masu jayayya sukan ce jero haruffa ya fi kiyaye asali. To, su duba en'e da di'o, waɗanda Hausawan Nijeriya suka gada daga N.A. da D.O. na zamanin mulkin mallaka. Haruffa aka jero, duk da haka suka narke suka zama kalmomi. Ko ta wace hanya aka bi, harshe sai ya sarrafa baƙonsa.

Maganar ba ta tsaya a aji ba. Idan aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, ruwa kan mamaye gonaki a yankin Bawku, hukumar agaji ta NADMO kan yi gargaɗi. Manomi Nadmo ya sani. Mai shela da ya tsaya ƙwalisar En-E-Di-Em-O ya ɓoye wa mai sauraro tushen saƙon, a lokacin da jinkiri ke iya cin amfanin gona, har ma da rai.

Abu guda ne bai shiga wannan hukunci ba: taƙaitawar alƙalami, irin SAW bayan sunan Annabi. Ba a haɗa ta, ba a jero ta. Salatin ake karantawa cikakke.

Saboda haka ɗalibi ya saurari kasuwa kafin ya yanke hukunci. Sunan da ya zauna a bakin jama'a a matsayin kalma, ya faɗe shi kalma. Wanda suka jero, ya jero. A rubutu kuwa, ya kawo cikakken bayanin hukumar da Hausa a ambato na farko.