Rufi Kafin Fenti

'Yan'uwa malamai, kowa ya san cewa kafin albashi ya iso hannu an riga an zaftare rabon ƙungiyar gama-kai da na banki. Abin da ya saura shi ake kasawa tsakanin cefane, kuɗin makarantar yara da buhun siminti. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, magini ba ya faɗin farashin da zai kwana biyu.

Ra'ayinmu shi ne kada a ci sabon bashi don fenti alhali tsohon bai ƙare ba. Rufi ne ba ya jira. Kwanon da ya yi yoyo a daminar bana, baɗi zai ruɓar da katako, ya jiƙa bango, gyara ya ninka. A riƙa sayen kwano falle-falle tun da rani da kuɗin adashi, kuma uwargida ta san lissafin, domin ita ce ke rage nama a miya har bashin ya ƙare. Masu ba da rance ta waya kuwa, da ke aika wa surukan mutum saƙon tozarci, a yi nesa da su.

Akwai kuma haƙƙin da muke sakaci da shi. Duk wanda ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa yana iya neman rancen gyaran gida a Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya. Muna kira ga shugabannin reshe su tattara sunayen masu buƙata a taro mai zuwa, a miƙa takardun a dunƙule kafin saukar ruwa.