Ganyen namu ne, binciken ma ya zama namu

Matasa, kun tuna Tibiri? Ruwan foraj mai yawan fuluwor ya lanƙwasa ƙasusuwan yara.

Yau masu bincike na tafasa ganyen zogale ko bedi, su haɗa ruwan da gishirin ƙarfe. Sai baƙin gari ya fito, ƙwayoyinsa ba su kai nanomita 100 ba. In an zuba shi a gurɓataccen ruwa, yakan kama dalma da arsenik, sannan a janye shi da mayen ƙarfe. Ana gwada shi kan fuluwor ma.

Aikin yana labo tukuna, kar a gwada a gida. Amma zogale gare mu, jami'o'in Yamai da Maraɗi gare mu. Mu matsa wa mahukunta su zuba kuɗin bincike, kar gobe a saido mana ganyenmu da tsada.