Bencin Mai Shayi Da Haƙƙin Mai Tafiya A Ƙasa

A ƙarshen daminar bara ne aka kira ni a waya cewa wani mai babur ya buge goggona, ƙanwar mahaifina, a kusa da Tashar Magami da ke Gusau, jim kaɗan bayan sallar Magariba. Allah Ya taƙaita abin, ya tsaya a karayar tsintsiyar hannu da ƙujewa a gwiwa. Da na je gaishe ta, na tambaye ta abin da ya kai ta tsakiyar kwalta, sai ta dube ni ta ce, "To Malam, ina kaka so in bi? In ratsa cikin maza suna cin abinci?" Ashe ɗan wurin da ya rage tsakanin shaguna da kwalta, teburin mai shayi da bencinansa da tukubar mai tsire da wata mota da aka ajiye sun cinye shi ƙaf. Kunya ta hana tsohuwa ƙetare ƙafafun maza, ta sauka kan titi, mai babur kuma bai gan ta ba.

Goggo ta yi fiye da shekara sittin a garinmu Wanke, ɗaya daga cikin garuruwan karkarar Gusau, kafin masifar 'yan bindiga ta koro ta birni. A can ma akwai masu shayi da masu tsire a bakin hanya, amma fili yana da yalwa, ababen hawa kaɗan ne, kuma duk majalisar da ta hango dattijuwa tafe za ta janye ƙafa tun kafin ta iso. A birni babu ko ɗaya daga cikin ukun nan. Abin da zai maye gurbinsu shi ne tsari, kuma shi ne muka rasa.

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, mai karatu zai yi mini uzuri in fara daga kalma. Hausa tana da sunaye masu yawa na wuraren bi: hanya, turba, gwadabe, tafarki, lungu, rariya. Da mota ta zo muka aro titi da layi da kwalbati. Amma ɗan zirin nan da ake keɓe wa masu tafiya a ƙasa har yau ba mu raɗa masa suna ba. "Gefen titi" muke cewa, ko "bakin titi", wato abin da ya yi saura bayan an gama yi wa mota aiki. Abin da ake ɗauka saura ne kuwa, duk wanda ya riga isa shi ke da shi. Kakanninmu ba su yi wannan sakacin ba. Sun san mutum yana son zama a ƙofar gida ya sha iska, sai suka gina dakali a jikin bango, suka ware dandali domin taro, suka bar rariya ga mai wucewa. Kowane yana da suna, kowane yana da iyaka.

Addini ma bai bar wannan batu ba. A hadisin Abu Sa'idil Khudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanyoyi. Da suka nuna ba su da makawa sai sun zauna, bai kore su ba, sai ya ɗora musu sharaɗin ba hanya haƙƙinta, kuma kame cuta daga masu wucewa yana cikin haƙƙoƙin da ya lissafa. Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya dace da mu: a zauna, amma kada mai wucewa ya cutu.

Na san wasu za su ce maganin mai sauƙi ne, a aiko da motar hukuma a kwashe tebura. Ban yarda da wannan ba, kuma ina da dalili a cikin gidanmu. Ɗan wannan goggon tawa, wanda a da yake noma dawa da waken suya yana kiwon 'yan awaki, yanzu shayi da taliya yake sayarwa a bakin wani titi a Tudun Wada. Tun daga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya a Zamfara, jarinsa ya karye, bai sake komawa daidai ba. Da na yi masa maganar bencinsa da ya tare hanya, cewa ya yi, "Yaya, in na ja shi baya ina zan sa shi? Mai shago bai yarda in matsa kusa da ƙofa tai ba, kuma kullum sai na biya kuɗin tikiti." Irinsa suna da yawa a Gusau da Tsafe da Bunguɗu. Mutumin da aka raba da gonarsa, idan aka kuma raba shi da teburinsa, ina ake so ya dosa? Bugu da ƙari, fitilar mai shayi da hirar majalisarsa su ne ke sa titi ya zama wurin da mutum zai iya bi da dare hankali kwance.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Talaucin mai tebur ba ya halatta a tura makaho da mai keken guragu da ɗan makarantar Islamiyya da mace mai goyo cikin motoci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da ɗaya cikin biyar daga cikinsu masu tafiya a ƙasa ne. A Tsafe da Bunguɗu lamarin ya fi ban tsoro, domin babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta nufi Sakkwato ce ta ratsa su, tireloli da tankoki na wucewa dab da inda mutane ke zaune suna karin kumallo.

Kuma laifi tudu ne. Mu da muke karanta wannan shafi, mu ne muke tsayar da mota a kan hanyar mutane mu sauke gilashi mu ce a yanka mana balangu. Mu ne muke gina shaguna mu miƙo baranda da matakala da ɗakin janareta har bakin lambatu. Benci ana ɗauke shi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, siminti kuwa yana nan har abada. Duk dokar da ta fara da mai shayi ta tsallake mai bene, ba za ta yi ƙarko ba.

Wasu ƙasashe sun fuskanci irin wannan. A birnin Niyok na Amurka, lokacin annobar korona a 2020, an ba gidajen abinci izinin fito da tebura waje, bisa sharaɗin su bar wa masu wucewa fili mai faɗin ƙafa 8, sannan a 2023 aka mai da tsarin doka ta dindindin mai lasisi da kuɗin haya. A Indiya, dokar masu sana'a a bakin titi ta 2014 ta hana a tashi kowa kafin a ƙidaya su, ta kuma tanadi kwamiti a kowane gari wanda kashi 40 cikin 100 na mambobinsa masu sana'ar ne da kansu. Ba cewa nake yi mu kwafo su ba, amma darasin a fili yake: a shata iyaka, a kuma shata ta tare da waɗanda za su kiyaye ta.

Tun daga 2023 gwamnatin jiha ta shiga aikin sabunta titunan Gusau, kuma an ga canji. Yanzu ne lokacin da ya dace, tun kafin kowa ya kafa turakarsa. Shawarata ga hukumar tsara birane ta jiha da hukumar ZAROTA da ƙananan hukumomin uku ita ce, da farko, a ja layin fenti a manyan tituna, a bar aƙalla faɗin da mutum biyu za su gifta juna ba tare da sun sauka kwalta ba. Na biyu, benci ya tsaya a bayan layin, a jera shi a tsawon bango maimakon a gicciye. Na uku, inda titi ya yi ƙunci, a nemi fili kusa da tasha ko kasuwa a yi rumfuna da ruwa da haske, domin wanda yake karɓar kuɗin tikiti kullum, wajibi ne ya nuna wa mai biya inda zai zauna. Na huɗu, a zauna da shugabannin masu shayi da sarakunan fawa da masu unguwanni, a danƙa musu kula da layin, domin sun fi kowane jami'i sanin mutanensu. Na biyar, tarar da za a ci mai mota da mai shago ta fi ta mai tebur nauyi.

Mu kuma malaman harshe da 'yan jarida, namu aikin shi ne mu daina cewa gefen titi. Ni dai na fara kiransa turbar ƙafa a aji, wanda kuma yake da sunan da ya fi wannan, ina maraba da shi. Yaron da ya tashi ya ji ana kiran wurin da sunan hanya, da wuya ya ga an kafa tukuba a kansa ya yi shiru.

Hannun goggo ya warke, amma ta daina fita bayan La'asar. Ta baro Wanke domin ta samu inda za ta yi tafiya babu fargaba, kuma har yanzu ba mu ba ta shi ba. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu, Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin adalci tsakanin mai zaune da mai wucewa.