Sayen tsohon gida a Kano: Abubuwan da dillali ba ya sakawa cikin farashi

Har yanzu yadda ake yi wa tsohon gida kuɗi a Kano bai sauya ba. A dubi unguwa, a auna fili, a ƙirga ɗakuna, sai dillali ya faɗi nawa aka sayar da gidan maƙwabta. Sai dai abubuwan da suka faru daga 2023 zuwa yau sun nuna cewa wannan lissafi ya bar abubuwa biyu a baya: tarihin filin da gidan yake kai, da kuɗin da zama a cikinsa zai riƙa ci kowane wata.

A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da shi, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya fara rusau a wurare irin su tsohon otal ɗin Daula da filin Idi da sansanin alhazai, bisa hujjar cewa filayen al'umma ne aka yanka wa ɗaiɗaikun mutane. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa suna riƙe da takardun da gwamnatin baya ta ba su. Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.

Ko ma wane ɓangare mutum yake goyon baya a wannan dambarwa, takarda a hannu ba ta hana katafila zuwa ba. Mai saye na buƙatar sanin me aka ware filin domin shi tun asali, kuma wa ya sauya hakan.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna. Abin da mai gida ke da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da shi sai da amincewar gwamna. Idan gwamnati ta karɓe fili domin amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina a kai ce, ba ta ƙasar ba. A nan tsohon gida ya fi sabo haɗari, domin mafi yawan kuɗin da aka biya na wurin ne, ginin kuwa ya riga ya tsufa.

Ba abin mamaki ba ne a tarar da gida a Nasarawa ko Bompai ya wuce hannu uku, amma takardar shaidar mallaka tana nan da sunan mai shi na farko wanda ya daɗe da rasuwa. A cikin birni kuma gidaje da dama ba su da ita sam, sai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu. Gidan gado ya fi kowanne rikitarwa: magaji guda da bai sa hannu ba ya isa ya kai ciniki gaban alƙali.

Bincike a ma'aikatar ƙasa da KANGIS zai nuna sunan da ke kan fayil da bashin harajin fili. Wannan bashi ba abin wasa ba ne, a Abuja ma an soke takardun filaye 4,794 a watan Maris na 2025 saboda shi. A hukumar KNUPDA kuma za a ga ko akwai izinin gini, da ko shagunan da aka ƙara a gaban gida sun ci hanya ko magudanar ruwa.

Batu na biyu shi ne wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin lantarki ga 'yan rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane unit, kafin a ɗan sassauta. Na'urar sanyaya ɗaki matsakaiciya na iya shan unit tara a dare guda, wato kusan naira 2,000, ko 60,000 a wata, a ɗaki ɗaya kawai. Wanda ya koma ga janareta kuwa ya san yadda fetur ya koma bayan cire tallafi.

Wannan ya sa tsofaffin gidaje ba ɗaya suke ba. Ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana jinkirta shigar zafi da rana, abin da kakanninmu suka sani tun kafin a kawo lantarki, kodayake yana buƙatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Gidan bulo siriri mai rufin kwano, babu silin mai kyau, tagoginsa na kallon yamma, shi ne mai cinye albashi. Abin ban haushi shi ne kasuwa ta fi yi wa na biyun daraja, don kawai siminti ne.

A Birtaniya ba a sa gida a kasuwa sai da takardar da ke nuna yawan makamashin da yake ci, daga matakin A zuwa G. Najeriya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a 2017, amma da wuya ka ji an ambace ta a wajen ciniki. Saboda haka aikin ya rage ga mai saye: ya shiga gidan da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, ya sa mai gyaran wuta ya duba tsofaffin wayoyi, ya kuma tambayi KEDCO bashin da ke kan layin, domin sau da yawa sabon mai gida ne ake zuwa yanke wa wuta a kansa.

Dillali yana cin la'ada ne idan ciniki ya faɗa, kuma ladarsa na ƙaruwa da tsadar gidan. Ƙwararren mai kimanta gidaje da ke da rajista kuwa kuɗin aikinsa ake biyan sa, a saya ko a fasa, kuma rahotonsa ne banki ke karɓa idan ana neman rance da gidan.