Ku Daina Ƙirga Inji, Ku Dubi Wanda Ke Riƙe da Jirgin

Duk lokacin da labari ya zo cewa wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi, tun kafin a kwashe tarkacensa an gama yanke hukunci a majalisa da teburin mai shayi: ai mai inji ɗaya ne. Sai a kaɗa kai, a ce wanda ya shiga irin wannan jirgi ya sayi ajalinsa da kuɗinsa, domin da zarar injin ya ɗauke sai faɗuwa. Maganar ta zauna daram a zukatan mutane, har da masu ilimi, har da 'yan jarida da ke rubuta labarin. Ni kuwa a ganina an bar jaki ana dukan taiki, kuma wannan kuskure yana cin rayuka, saboda yana kawar da ido daga abin da ke kashe mutane da gaske.

Ba na cewa ƙananan jirage lafiya lau suke. A Amurka, inda suka fi yawa kuma aka fi tsare lissafinsu, mutum 300 zuwa 400 ne ke mutuwa kusan kowace shekara a ƙananan jirage masu zaman kansu, kuma ana samun haɗari mai kisa kusan guda ɗaya a cikin kowace awa 100,000 ta tashi. Manyan jiragen fasinja na ƙasar kan yi shekaru ba su kashe kowa ba. Saboda haka matuƙin da ya ce maka ƙaramin jirgi ya fi motar da ta kai ka filin jirgi aminci, kada ka yarda da shi. Haɗarin yana nan. Gardamata a kan inda yake fitowa ne.

Shekara da shekaru rahotannin hukumar binciken haɗurra ta Amurka, wato NTSB, da na ƙungiyar matuƙa ta AOPA suna nuna abu guda: kusan kashi biyu cikin uku, ko fiye, na haɗurran ƙananan jirage daga matuƙi suke tasowa, yayin da lalacewar inji da sauran kayan jirgi ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar ba. A cikin waɗanda aka rasa rai kuwa, abin da ke kan gaba shi ne jirgi ya kuɓuce wa matuƙi a sama, injinsa na aiki garau.

Mu ɗauki ma abin da ake tsoron. Inji ya ɗauke, sai me? Jirgi ba dutse ba ne. Fikafikansa ne ke riƙe da shi, kuma suna nan ko da farfela ta tsaya. Zai riƙa zamewa ƙasa a hankali kamar yadda shirwa ke baje fiffike ba tare da ta kaɗa shi ba. Cessna 172, wanda aka ƙera fiye da 44,000 tun daga 1956, idan injinsa ya mutu yana mita 1,000 a sama, yana iya zamewa kusan kilomita tara kafin ya taɓa ƙasa, kuma yana sauka da gudun da bai kai kilomita 100 a awa ba. Da gangan aka yi hakan. A baya, dokar ƙera jirage ta Amurka ta daɗe tana wajabta cewa jirgi mai inji ɗaya ya iya riƙe kansa a iska har gudunsa ya sauko zuwa kimanin kilomita 113 a awa, domin idan saukar dole ta kama a gona ko a fili, mutanen ciki su fita da ransu. Kowane ɗalibin tuƙi ana yi masa wannan atisaye har sai ya zame masa jiki: malami ya rage wuta ba zato, ya ce masa zaɓi fili. Injin kansa an yi masa hanyar wuta biyu da filogi biyu a kowace silinda, ɗaya ya mutu ɗaya ya ci gaba.

Inji na biyu kuma ba laya ba ne. A ƙaramin jirgi mai inji biyu, idan ɗaya ya mutu, jirgin na iya rasa kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin hawansa, sannan injin da ya rage yana jan jirgin gefe guda. Matuƙin da bai gwanance ba, idan ya bari gudu ya ragu, jirgin zai kife da shi cikin daƙiƙu kaɗan. Wani binciken NTSB na 1979 ya gano cewa haɗarin da mutuwar inji ta jawo ya fi zama mai kisa, wajen ninki huɗu, a ƙananan jirage masu inji biyu fiye da masu ɗaya. Charles Lindbergh, da zai ƙetare Tekun Atlantika daga New York zuwa Paris a 1927, inji ɗaya ya zaɓa, ya kuma yi sama da awa 33 a kansa. Na yarda cewa a kan teku, ko kan duwatsu, ko cikin dare, mai inji ɗaya ba shi da wurin da zai dosa idan injin ya ci amanarsa. To amma wa ya kai jirgin kan teku da dare? Mutum ne ya zauna ya yanke shawara.

A nan ne maganar take, kuma a nan nake so a tsaya. Mafi munin tarko ga matuƙin ƙaramin jirgi shi ne ya shiga gajimare, ko hazo, ko duhu, alhali an horar da shi ne ya yi tuƙi da ido, yana kallon inda sama ta haɗu da ƙasa. Da zarar wannan layi ya ɓace, jiki ya fara yi masa ƙarya. Abin da ke cikin kunne mai gaya wa mutum yana tsaye ko ya karkata ba ya jin karkacewar da ta zo a hankali. Jirgi ya kwanta gefe yana murɗawa ƙasa, matuƙi yana jin a jikinsa cewa daidai yake tafiya. Ya ga yana rasa tsawo, ya ja sitiyari, murɗawar ta ƙara tsanani. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su da horon tuƙi da na'urori. Aka rufe musu ganin waje, kuma dukkansu jirgi ya kuɓuce musu, a matsakaicin lokaci na daƙiƙa 178. Minti uku bai cika ba. Inji goma ba za su ceci mutum daga wannan ba.

Abin da ya kashe John F. Kennedy ƙarami ke nan, ɗan tsohon shugaban Amurka, shi da matarsa da yayarta, ranar 16 ga Yulin 1999. Ya tashi da Piper Saratoga daga New Jersey a makare, dare ya same shi a kan teku cikin hazo kusa da tsibirin Martha's Vineyard, ba shi da takardar tuƙi da na'urori, kuma wani malamin tuƙi ya yi tayin raka shi ya ƙi. Masu bincike ba su sami aibi a injin ba. Masu kallon ƙwallo kuma ba su manta Emiliano Sala ba, ɗan wasan Ajantina da ya bar Nantes zai koma Cardiff, ya mutu ranar 21 ga Janairun 2019 a cikin Piper Malibu. Jaridu sun yi ta nanata cewa jirgin mai inji ɗaya ne. Abin da masu binciken Birtaniya suka tarar shi ne matuƙin ba shi da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi, ba shi da izinin tashi da dare, sannan iskar guba daga hayaƙin salansa ta shiga cikin jirgin, babu kuma na'urar da za ta yi gargaɗi. Injin bai tsaya ba. A 2021 kotu ta ɗaure mutumin da ya shirya tafiyar wata 18.

Mu ma muna da namu, kuma ina faɗinsa da girmama mamaci. Ranar 25 ga Oktoban 2012 gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, ya faɗi da Cessna 208 Caravan kusa da Yola, shi ne da kansa yake tuƙi daga Jalingo. Ya sha jinya a Jamus da Amurka har Allah ya karɓi ransa a 2017. Hukumar binciken haɗurran jirage ta Najeriya ta ce ba ta iya tabbatar da sanadi guda ba, amma ta lissafa abubuwan da suka taimaka: matuƙin bai cancanci tuƙa irin wannan jirgi ba, ya yi tafiyar da ake yi da ido bayan rana ta faɗi, kuma hukumar da ke sa ido ba ta yi aikinta yadda ya kamata ba. Caravan kuwa jirgi ne da ake dogara da shi a dazuzzukan Afirka da Alaska saboda amincin injinsa. Tambayar da ya kamata ta dame mu ita ce: a duk filin jirgin Jalingo, wa yake da ƙarfin halin ce wa mai girma gwamna, ranka ya daɗe, yau ba za a tashi ba?

Ga kuma abin da ya fi ba ni takaici, wato ƙarewar mai. NTSB ta taɓa ƙididdige cewa daga 2011 zuwa 2015 ana samun haɗari sama da 50 kowace shekara a Amurka saboda sakaci da mai: ko tanki ya ƙafe, ko kuma mai na nan a ɗaya tankin matuƙi bai juya makunni ba. A labarai za ka ji an ce injin jirgi ya mutu, sai mai sauraro ya ƙara gaskata abin da ya riga ya ɗauka. Alhali inji bai yi laifin komai ba. Wani ne bai hau ya buɗe murfin tanki ya duba da idonsa ba. Haka nan waɗanda inji ke yi wa gardama da tashinsu, su yi ƙoƙarin juyowa titin jirgi daga ƙasa ƙasa, gudu ya ragu, fiffike ya daina ɗaukar iska, su faɗo da ka, alhali da sun miƙe sun sauka a filin da ke gabansu da wataƙila jirgi kaɗai za a yi asara.

Za a ce ƙaddara ce. Haka ne, babu mai wuce ranarsa, kuma ba na jayayya da wannan. Amma ba mu taɓa karɓar wannan amsa daga direban da ya yi gudu da taya mai sanƙo ba, don haka ban ga dalilin karɓarta daga wanda ya tashi cikin buji ba shi da horon tuƙi da na'urori ba. A ƙasarmu hazon hunturu yakan rufe ido har manyan jirage su kasa sauka a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ga kuma ƙananan filaye da ba su da fitilun dare. Tarkon da ya kama Kennedy a kan teku yana nan a samanmu wata biyu ko uku kowace shekara.

Tsoron da ba shi da tushe yana da tasa asarar. Waɗannan jirage ne ake feshin jan-baki da fara da su, su ne ke kai likita da magani inda hanya ta mutu, kuma a kansu ne duk wani kyaftin na babban jirgi ya fara koyo, a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirage ta Zariya da aka kafa a 1964 ko a wata makarantar irinta. Yanki mai faɗi kamar namu, mai hanyoyin da 'yan bindiga suka tare, ya fi kowa bukatarsu.

Don haka wanda aka gayyata ya shiga ƙaramin jirgi, ya tambayi wane lasisi matuƙin yake da shi, ko ya halatta ya ɗauki fasinja don kuɗi, ko yana da izinin tuƙi da na'urori, ƙarfe nawa za a sauka, da kuma man da zai rage bayan an isa. Idan matuƙi ya ce a kwana sai gobe, a kwana, ko da ɗaurin aure ne ake sauri. Hukumar NCAA mai sa ido kan sufurin jiragen sama kuma ta binciki takardun mai kuɗi da mai mulki kamar yadda take bincikar na ɗalibi, hukumar binciken haɗurra ta NSIB ta riƙa fitar da rahotanninta da wuri, 'yan jaridarmu su karanta su su fassara wa jama'a a rediyo kafin su sake rubuta cewa jirgin mai inji ɗaya ne.