Kafin a Gayyato Baƙi Zuma da Gurara, a Ba Manomi Takardar Gonarsa

Da wuya a samu wata masarauta a Najeriya da ta shiga aljihun kowa har sau biyu kamar Suleja. Dutsen Zuma, wanda ke tsaye kusa da Madalla a bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, shi aka buga a bayan naira 100 da aka fitar a 1999. Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da ke bayan naira 20, a garin nan ta yi aikin da ya kai sunanta Ingila da Amurka. Idan aka ɗauki hanyar Minna kuma, ga Gurara na zubo ruwa daga tsayin mita kusan 30. Ga kuma babban birnin ƙasa a ƙofar gida, cike da masu albashi da ba su da wurin kai iyali ranar Asabar. Shi ya sa kusan duk gwamnatin da ta zauna a Minna sai ta yi maganar yawon buɗe ido: za a kawo masu zuba jari, za a gina otal, za a samar wa matasa aiki. Ba na ja da cewa akwai arziki a wurin. Abin da nake ja da shi shi ne inda ake fara lissafin. Ana farawa da baƙo da mai kuɗi, alhali wanda ya kamata a fara da shi shi ne mutumin ƙauyen da gonarsa ke gindin dutsen, da takardar da za ta tabbatar masa cewa gonar tasa ce.

Duk wanda zai yi wa mutanen Suleja maganar fili, ya san da waɗanda yake magana. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828, bayan sarautar Zazzau ta Haɓe ta baro Zariya, shi ne Abuja ta asali. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar ɗauke babban birni daga Legas a 1976, masarautar nan ta ba da kaso mai tsoka na ƙasarta, ta ba da sunanta ma, ta koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Abin da ta samu a madadin haka, galibi, jama'a ne. Gwamnati ta tare a sabon birnin a Disambar 1991, haya ta gagari ƙaramin ma'aikaci, sai ya gangaro Suleja. Rusau ɗin da aka yi a unguwannin Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara turo dubbai. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar ta haura mutum dubu 200, kuma duk mai bin hanyar da asuba yana ganin jerin motocin masu kwana a Neja su yi aiki a Abuja. Daga tsofaffin mazaɓu irin su Wambai da Magajiya da Kurmin Sarki, gari ya yi ta tafiya har ya haɗiye Kwamba, ya doshi Maje, ya haɗe da Gauraka da Madalla. Abin da gari ke ci yana tafiya kuwa gonakin Gbagyi ne da Koro da Hausawan ƙauye.

Yadda gona ke barin hannun mai ita ba a ɓoye yake ba. Dillali ne ke zuwa da wani mai mota, a zagaya gonar, a auna da igiya, a yanka ta fuloti-fuloti, ƙafa hamsin da ɗari. A rubuta yarjejeniya a fallen takarda, mai unguwa ya sa hannu, shaidu biyu su dangwala, a ba kowa na goro. Kafin damina ta zagayo an kafa turakun siminti inda da kunyar doya take, an jera bulo sahu uku don a nuna akwai mai wurin. Kuɗin sai su tafi ga babur, da auren ɗa, da rufin kwano, wani lokaci da kujerar Makka. Bayan shekara biyu ko uku wanda ya sayar shi ne mai gadin filin, ko lebura a ginin da ake yi a kai. Sau da yawa ma gonar ta gado ce ba a raba ba, ɗaya daga cikin magada ya sayar a bayan idon sauran, mata ba su ji ba ba su gani ba, wani lokacin a sayar wa mutum biyu. Kotunan yankin sun san irin waɗannan shari'u sarai.

Wannan cinikin son rai ke nan. Akwai wanda ya fi shi zafi, kuma shi ne manyan ayyukan yawon buɗe ido ke zuwa da shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon karɓe fili idan an ce amfanin jama'a ne. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini da shuka da itatuwa, ita ƙasar kanta ba a biyanta. Manomin da kakanninsa suka sare dajin, idan ba shi da komai a rubuce, za a ƙirga masa mangwaro da ɗorawa a sallame shi. Amma dokar nan dai ita ce ta ba ƙaramar hukuma ikon ba wa mutum shaidar mallaka ta gargajiya a ƙasar da ba ta cikin birni. Wannan ɓangaren ne aka bari yana barci. Takardar mallaka ta gwamna kuwa, da kuɗin safiyo da zirga-zirgar ofis, ta fi ƙarfin mai noman doya. Sakamakon shi ne baƙon da ya sayi fuloti jiya yana da takarda mai hatimi, ɗan ƙasar da aka binne cibiyarsa a wurin ba shi da ita.

Mai karatu zai ce me ya haɗa takardar gona da tsaron ɗan yawon buɗe ido. Abin da ya haɗa su shi ne a karkara ba soja ne ke fara ganin baƙuwar fuska ba. Mai noma ne, da mace mai ɗebo itace, da maharbi, da ɗan acaɓa. Su suka san sawun babur ɗin da ba na gari ba, su suka san wanda ya sayi burodi da man fetur fiye da bukatar gida ɗaya. Ƙauyen da mutanensa ke zaune daram a kan gonakinsu, mai unguwa ya san kowa, labari na isa ga dagaci kafin dare. Ƙauyen da aka yanka fuloti, rabinsa kangaye ne da ba a san masu su ba, samarinsa ba gona ba sana'a, a nan ne ake samun mafaka da masu kai rahoto ga ɓarayin daji. Yankin nan ya riga ya ɗanɗana. An tayar da bam a ofishin hukumar zaɓe na Suleja a Afrilun 2011, aka sake tayarwa a cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimetin shekarar. Hanyar Kaduna ta yi shekaru tana cin matafiya, har aka kai wa jirgin ƙasa hari a Maris ɗin 2022. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Mai yawon buɗe ido labari ɗaya zai ji ya fasa zuwa, wanda zai zauna da abin da ya biyo baya shi ne mai gonar.

Ban ce takarda na tare harsashi ba, kuma misalin da ya fi kusa da mu ya nuna iyakar hujjata. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma sun ragu zuwa kusan 50 a 1996. Da aka jawo ƙauyukan wurin cikin harkar, samarinsu suka zama 'yan jagora, jama'a suka ga amfanin dabbar da ke ci musu wake, adadin ya haura 600. Sai ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga a kan babura suka kashe Faransawa shida da direbansu da ɗan jagora, harkar ta tsaya cik. Abin da Agadas ta gani ke nan tun tawayen 2007, lokacin da jiragen da ke kawo Turawa suka daina sauka. Wato maharan da suka taso daga nesa aikin hukuma ne, babu ɗan banga da zai iya da su. Amma Kure ta nuna ɗaya rabin maganar ma: fiye da shekara ashirin abin ya yi yana tafiya, kuma ya tafi ne saboda mutanen wurin suna da rabo a ciki. Ruwanda ta mayar da wannan tsari na gwamnati, tana ware wa ƙauyukan da ke kewaye da gandun dajinta kashi 5 cikin 100 na kuɗin shiga tun 2005, ta ɗaga shi zuwa kashi 10 a 2017.

Hujjar da jami'ai suka fi kawowa ita ce mai zuba jari ba zai zo ya yi ciniki da magada ɗari ba, fili yake so a dunƙule, babu rigima. Gaskiya ne yana son kwanciyar hankali, amma karɓe fili da ƙarfin doka bai taɓa ba shi ita ba. Filin da aka raba mutane da shi suna kuka, shari'a da zanga-zanga da sare shinge ne ke bin sa. Wanda aka auna, aka san masu shi, aka yi musu takarda, shi ne ake iya ba da hayarsa shekara ashirin ko talatin, mai otal ya yi gininsa, ƙauye na karɓar kuɗi duk shekara, ƙasa kuma tana nan a hannun jikoki. Wasu kuma za su ce ai takarda za ta sauƙaƙa sayarwa ne kawai, manomi ya rabu da gonar da wuri. Wannan tsoron yana da tushe. Sai dai mai takarda ko zai sayar, da daraja zai sayar, ba da farashin dillali ba, kuma filayen da jama'a suka yi tarayya a kansu, irin su bakin rafi da makiyaya da maƙabarta da kewayen dutse, ana iya rubuta su da sunan al'umma yadda mutum ɗaya ba zai iya cefanar da su ba. Da an yi haka da bakin rafukan Suleja, da gidajen da ambaliyar Yulin 2017 ta tafi da su da mutanen ciki ba a gina su a kan hanyar ruwa ba.

Sannan a daina mafarkin Bature mai kyamara. Kasuwar Zuma da Gurara tana Abuja da Kaduna da Minna: iyalai, ɗaliban makaranta, 'yan hidimar ƙasa, ango da amarya masu neman wurin hoto. Waɗannan ba otal mai hawa goma suke nema ba. Hanya suke so wadda za su bi su dawo kafin magariba, da bayan gida mai tsabta, da wurin alwala da salla, da shinge a inda dutse ke da santsi, da wanda ya iya ruwa yana tsaye a bakin Gurara lokacin damina, da abinci mai zafi. Kusan duk wannan ɗan ƙauye zai iya yi idan an koya masa, kuma kuɗin a ƙauyen za su kwana. Nan ne ma amsar malamai da iyayen da ke tsoron kada yawon buɗe ido ya zama ƙofar shaye-shaye da lalata. Tsoronsu ba na banza ba ne, amma wurin da al'umma ke da ta cewa a kansa ita ke gindaya sharaɗi, wanda aka miƙa wa kamfani kuwa sai dai ta leƙa ta shinge. Abin da ƙauye ba zai iya ba shi ne hanya. Aikin faɗaɗa titin Suleja zuwa Minna ya haura shekara goma ana jan sa, kuma a mahaɗar Dikko, inda mai zuwa Gurara ke karya kwana, tankar mai ta fashe a Janairun 2025 ta kashe sama da mutum 80.

Wanda ke shakkar cewa ƙaramin abu mai tushe a hannun 'yan ƙasa yana iya jawo duniya, ya tuna cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a garin nan a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali ta shige ta a 1954 da fasahar da ta koya a gida, irin ta matan Gbagyi, kuma saboda wannan fasahar manyan baƙi suka riƙa takowa tsohuwar Abuja tun babu kwalta mai kyau. Ta rasu a 1984, cibiyar da ke ɗauke da sunanta kuma aka bar ta ta lalace. Gyara ta da mayar da mata magina cikinta bai kai kuɗin harsashin otal ɗaya ba.

Kirana ga Gwamna Umaru Bago da shugabannin ƙananan hukumomin Suleja da Tafa da Gurara shi ne kada a sake sa hannu a wata yarjejeniya kan Zuma ko Gurara sai an auna gonakin ƙauyukan da ke kewaye da su, an ba masu su takarda a kuɗin da talaka zai iya biya, da sunayen mata magada a ciki, an kuma rubuta kason da al'umma za ta riƙa samu daga kuɗin ƙofa. Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, Malam Muhammadu Awwal Ibrahim, ya mulki jihar nan daga 1979 zuwa 1983, ya san dokar ƙasa ta ɓangaren gwamnati, ya san ta ta ɓangaren talakawa. Fadarsa ce ta fi dacewa ta tara hakimai da dagatai da masu unguwanni, ta hana su sa hannu a cinikin gonar gadon da ba a raba ba, ta kuma ja gaba wajen neman a fara awon nan tun kafin damina mai zuwa.